Ruwan da Ya Zo Bayan An Rufe Kabari

Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa, mu ma muna kan hanya. Haka na faɗa ranar da muka binne Yaya a Sokode, kuma har yanzu a kan haka nake. Amma na ga wani abu a maƙabarta da ya hana zuciyata kwanciya.

Mun taso da gawar daga unguwar Koma bayan azahar. Ƙasar a hargitse take da rigimar jam'iyyu, sojoji sun tare mararraba, sai da muka zaga ta bayan kasuwa. Da aka gama mayar da ƙasa, aka nemi ruwan da za a yayyafa wa kabari kamar yadda aka saba. Wani ya kawo butar ban-ruwa daga gidan mamacin, irin ta masu lambu, ta ƙarfe, an ɗaure hannunta da waya. Duk wanda ya taɓa aiki da Yaya ya san butar nan. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya yi wuf ya karɓa. Ya bi kabarin daga kai zuwa ƙafa yana yayyafi yana hawaye, har sau uku ya sa aka sake cika ta. Na ji wani a bayana yana cewa, "Ka ga suruki na kirki." Ni kuwa ƙyama ce ta kama ni. Wata bakwai Yaya ya yi a Dapaong yana roƙon mutumin nan ruwa.

A zaman makoki kowa ya zo da nasa bayanin. Liman ya ce ajali ne, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai akwai saura. Mahaucin da ke maƙwabtaka da shi ya ce fuka ce, wai a jini take, alhali a danginmu ba wanda ya taɓa yin fuka. Wata tsohuwa ta rantse wa matan cikin gida cewa jifa ne, magina 'yan'uwansa suka yi masa don hassada. Wanda ya fi ƙona mini rai wani tsohon lebura ne da ya daɗe a ƙarƙashinsa. Ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba, amma akwai taurin kai. Da yana shan madararsa kamar kowa, da yanzu yana nan." Yana faɗa yana tari, hannunsa a ƙirji.

Ba wanda ya ambaci ƙurar dutse. Ita ce ta kashe shi, da izinin Allah, kuma da taimakonmu.

Yaya ɗan wan mahaifina ne, gida ɗaya muka tashi, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni aka sa ni boko, daga baya na bi fatauci da aikin tafinta, na zauna Kumasi da Abijan da Wagadugu, har Jidda. Shi dutse ya bi. Ya fara da fasa tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin layin dogo a Blitta, ya tsallaka Gana ya shiga ramin zinariya, ya dawo gida ya zama magini. Bai san harafin boko ko ɗaya ba. "Mai baki bakwai" yake kirana, ya ce duk cikin bakunan ba wanda ya iya ɗora bulo a kan bulo.

A ramin zinariya ya ga abin da ya canza shi. Injin huda dutse yana da tiyon ruwa a jikinsa, amma ruwan yana kawo caɓi, caɓi yana rage sauri. Sai wasu su kashe ruwan in ba mai dubawa. "Su ne gwanaye," in ji shi, "su ake yabo. Bayan 'yan shekaru ka gan su zaune a bakin ƙofa, ƙatti majiya ƙarfi, ba sa iya gama alwala sai sun huta a tsakani." Shi ma ya kashe ruwan a shekarunsa na farko, bai taɓa ɓoyewa ba. Yakan buga ƙirjinsa ya ce, "Akwai kwando ɗaya na ƙurar Gana a nan. Ba na son ƙari."

Ga yadda yake yi wa sabon lebura bayani. "Ƙurar hanya hanci ne ke tare ta, ka fyace ta fita. Ta dutse, wadda ido ba ya gani, ita ce ke sauka can ƙasa ta zauna. Ba ta ruɓewa, ba ta narkewa. Dutse ce, me kake so ta yi?"

A wurin aikinsa ba a yanka dutse ko bulo a bushe. Mutum ɗaya na yanka, wani na tsaye da butar nan yana zuba ruwa a bakin injin. Ba a shara sai an yayyafa. Da safe yakan ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda iska ta nufa, sannan ya nuna wa kowa inda zai tsaya. Ba a cin abinci kusa da tarin tsakuwa, kuma sai an wanke hannu da fuska. Ƙyallen da lebura ke ɗaurewa a hanci bai ɗauke shi a bakin komai ba, yakan ce wannan don kada matarka ta ga ka yi furfura ne kawai. Abin rufe hanci na gaskiya mai roba ne da matata a ciki, ya manne wa fuska. Magina suka sa masa suna Baba Yayyafi. In ya wuce sai wani ya ce, "A kawo lema, hadari ya taso." Yakan yi dariya ya ce, "Ka yi ta tsiya, ɗan nema, ni dai numfashinka nake so."

Na ga wuraren gini a ƙasashe da yawa. A Jidda na ga kamfanin da ke korar mutum don ya cire abin rufe hanci, na kuma ga wanda ke aiki da baƙi kamar jakuna. A Abijan dokokin suna nan a allo, da Faransanci mai kyau, a inda lebura ba ya iya karantawa. Ban taɓa ganin wanda ya riƙe dokar ƙura kamar mutumin nan da ba takarda ce ta koya masa ba.

Sau ɗaya na san ya ɗaga wa matarsa murya. Ta ɗauki kayan aikinsa tana kakkaɓewa a tsakar gida, yara na wasa a gefe, farar ƙura ta tashi. Ya fito ya yi mata tsawa a gaban mutane. Kwana uku ba ta yi masa magana ba. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, amma daga ranar bai ƙara shigo da kayan aiki gida ba. A wurin gini yake tuɓewa, ya wanke da hannunsa, ya shanya. Maigida guda, mai gemu, yana wanki a gaban leburori. An yi ta yi da shi a Koma, bai kula ba.

Akwai kuma wani magidanci daga Kparatao da ya yi masa aikin fasa dutse. Wata rana a sahun sallar la'asar Yaya ya ji yadda yake numfashi. Da aka sallame ya ce masa, "Daga yau ba ka da aiki a wurina." Mutumin ya yi roƙo, ya yi zagi da Kotokolanci, ya ce Bahaushe ba shi da amana. Ranar kasuwa Yaya ya hau bayan babur da buhun irin doya, ya bi hanyar ƙafa har ƙofar gidansa, ya ajiye, ya ce, "Koma gona. In na ji ka je wurin wani magini, ni da kai ne." Mutumin ya zo jana'iza. Da ƙafa ya zo, ɗauke da doya a ka, ya yi furfura, yana numfashi kamar saurayi. Shi kaɗai ne a cikin masu ta'aziyya bai kawo wani bayani ba. Kuka kawai ya yi.

Sai maganar madara. A shantiye, wato wurin gini kamar yadda muke cewa a nan, akwai al'adar da na tarar daga Abijan har Wagadugu: in aikin mai ƙura ne, da yamma a ba kowane lebura gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Leburori sun yarda da ita fiye da yadda suka yarda da likita. Masu kwangila kuma suna sonta, don katan ɗin madara ya fi tankin ruwa sauƙin ɗauka. Yaya ya tsane ta. "Ta wace hanya za ta bi?" yakan ce. "Madara ciki take zuwa, ƙura huhu. In ka wanke zaure, ɗakin baya ya wanku?" Nasa gwangwanin yakan kai wa jikokinsa.

Yanzu in zo kan surukin. Ɗan gidan 'yan kasuwa ne, ya yi boko, ya shiga kwangila. Ba zan ce mugu ba ne. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa a yabi iyayen mutum. Tun da ya auri 'yar Yaya bai taɓa kallon idonsa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa. Yaya ma haka, kunya ta hana shi yi wa mijin 'yarsa ta fari magana fiye da amsa gaisuwa. Haka muka gada, kuma ni ma da ina alfahari da shi. Duk abin da ke tsakaninsu sai ya bi ta bakin wani. Wanin nan ni ne.

Da rigimar siyasa ta yi tsanani aka shiga dogon yajin aiki, gini ya tsaya cik a Sokode. Surukin ya samu aikin gina manyan ɗakunan ajiya a Dapaong, da harsashin dutse. Ya ɗauki Yaya shugaban magina, da babban ɗan Yaya a matsayin mataimakinsa, ni kuma tafinta, don yawancin leburorin Moba ne kuma ina ɗan jin yarensu. Mutanen Koma suka ce ya rufa wa gidan surukansa asiri. Haka ne, ya rufa.

Dapaong ba Sokode ba ce wajen ruwa. Da rani rijiya ɗaya unguwa guda ke layi a kanta. Makonnin farko motar tanki tana zuwa, aiki yana tafiya yadda Yaya yake so. Daga nan mai ya yi wuya, shingaye suka yi yawa a hanya, direban tankin ya gudu garinsu. Surukin bai nemi wani ba. Ofishin masu duba lafiyar ma'aikata kuwa a kulle yake, da ma ko a lokacin zaman lafiya ba mu cika ganinsu ba. Injin niƙa dutse ya ci gaba da aiki a bushe, injin yanka ma haka. Kafin azahar ba ka bambance Bamoba da Bahaushe, kowa fari fat, sai idanu ja. Madara kuwa ba ta taɓa yankewa ba. Duk shingayen da suka hana tanki wucewa ba su hana katan-katan ɗinta isowa ba.

Yaya ya kira ni gefe. "Je ka gaya wa mijin yarinyar nan, in ruwa bai zo ba zuwa Juma'a, zan kashe injin in kwashe mutanena. Ka ce masa kashe mutane yake yi. Da wannan kalmar za ka faɗa."

Na tafi. Na same shi a inuwar motarsa, ya miƙe ya ba ni kujera, ya tambayi lafiyar Baba. Na duba fuskarsa, na tuna 'yar Yaya da 'ya'yanta huɗu a gidansa, na tuna mutum nawa ke ci daga aikin nan a shekarar da ba aiki. Na ce, "Baba yana gaishe ka. Ya ce in tuna maka maganar ruwa, in Allah Ya hore."

Ya ce, "Wallahi Baffa tana raina. Ka ga yadda ƙasar take. Ka ce wa Baba ya ƙara haƙuri, na sa a ƙara madara."

Na dawo na ce wa Yaya, "Ya ji. Ya ce yana kan nema."

Na yi tafinta a gaban alƙalai da jami'an kwastan a ƙasa huɗu, ban taɓa rage wa magana nauyi ba. A nan, tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya, na yi. Kuma na maimaita. Duk Juma'a Yaya ya ba ni garwashi, in kai ruwan sanyi. A raina gyara nake yi, ina kare zumunci.

Yaya bai kwashe mutanensa ba, don kullum ina kawo masa labarin tanki yana hanya. Abin da ya yi shi ne, ya sa ana kawo masa garwa biyu daga rijiya, abin da aka iya samu ke nan, ya ware su don yanka mafi muni. In sun ƙare sai ya karɓi injin da kansa, ya kori kowa zuwa inda iska ke fitowa. Ɗansa ya ce, "Baba, ba ni, ni ne mai ƙarfi."

Ya ce, "Shi ya sa ba zan ba ka ba. Nawa ƙirjin ya riga ya zama sito. Naka sabo ne. Matsa."

Abin rufe hancinsa na roba tun na Gana ne, matatar ta daɗe da mutuwa, ba a samun sabuwa a ko'ina a arewa. Yana sawa ne don leburori su gani.

Wata rana na tarar da leburorin suna gardama a kan jam'iyyu lokacin hutu, har an kusa dambe. Wannan ya ce canji, wancan ya ce a bar mai mulki. Yaya yana zaune yana jan numfashi, ya ce da ni, "Mai baki bakwai, tambaye su da yarensu. Cikin masu jawabin nan a rediyo, akwai wanda ya ce zai kawo mana tanki?" Na fassara. Aka yi dariya, kowa ya buɗe gwangwaninsa.

Da damina ta sauka Yaya ya riga ya ƙare. Ba ya iya hawa tsani, daga baya ba ya iya tafiya masallaci. Muka dawo da shi Sokode a bayan mota. Da ƙyar muka samu likitan da ke aiki, ya ɗauki hoton ƙirjin, ya ɗaga shi a taga. Ko ni da ba likita ba na ga fararen ɗigo sun cika shi kamar an watsa gero. Ya ce da Faransanci sunan cutar silikoz, ciwon masu aikin dutse. Tsohuwar ƙura ce ta yi shekaru tana cinsa, sabuwar ta zo ta ƙarasa, tarin tibi kuma ya samu ƙofa ya shiga. Tarin za a iya ba shi magani. Dutsen ba mai fitar da shi. Na fara neman yadda zan sassauta maganar, Yaya ya ɗaga hannu ya ce, "Bar shi. Wannan na ji ba tafinta."

Ya yi wata biyar yana zaune, don in ya kwanta numfashi ya tsaya. Surukin yana zuwa duk mako, ya durƙusa a bakin zaure, ya gaishe shi daga nesa, ya ajiye katan ɗin madara ya tafi. Matar Yaya tana jera su a bayan ƙofa, ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Wata safiya ina zaune kusa da shi ya ce, kalma ɗaya hutu ɗaya, "Yaron nan yana da kunya, amma ba kurma ba ne. In an ce masa yana kashe mutane, da ko fushi ya yi. Bai yi ba. Me ka gaya masa?"

Na gaya masa gaskiya. Na ɗauka zai zage ni, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Baki bakwai, aka rasa ɗaya." Ya huta. "Ni ma da nawa laifin. Taku ashirin ne tsakanina da motarsa. Na ji kunyar yaron da na ba 'ya, ban ji kunyar mutum talatin ba." Ya sake hutawa. "Saƙon yana hannunka. Ba ka kai ba tukuna."

Ban kai ba har ya rasu. Kullum in ce sai an samu lokacin da ya dace. Shi ya sa da na ga ruwa yana zuba a kan kabarinsa, ƙyamar da na ji ba ta surukin kaɗai ba ce.

Ranar addu'ar arba'in zaure ya cika. Bayan an shafa fatiha surukin ya yi gyaran murya, ya ce aikin Dapaong saura rabi, jibi mota za ta tashi, kuma don girmama Baba ya naɗa babban ɗansa shugaban magina. Aka yi ta sa masa albarka. Ɗan ya sunkuyar da kai. Shekararsa talatin da 'yan kai, matarsa da ciki, kuma na riga na ji yana gyaran murya da safe irin wanda ban so ba.

Matar Yaya ta aiko a kira ni. Tsakanina da ita akwai wasa tun tana amarya, amma ranar ba wasa a fuskarta. Tana zaune a kan tabarmar takaba, katan-katan ɗin madara a bayanta har sun kusa kai taga. Ta ce, "Malam tafinta, ni ba ni da bakin yi wa suruki magana, al'ada ta ɗaure ni. Yayanka ma ta ɗaure shi har ta kai shi rami. Kai me ya ɗaure ka? Na ba da miji. Ɗan ma in bayar, don kada a ce gidanmu ba kunya?"

Na koma zaure. Na tsaya na ce ina da saƙon mamaci da na riƙe fiye da shekara, zan sauke shi a gaban shaidu. Na juya wajen surukin. Na ce, "Baba ya ce in gaya maka, in ruwa bai zo ba, zai kashe injin ya kwashe mutanensa. Ya ce kashe mutane kake yi. Da wannan kalmar ya ce in faɗa. Duk Juma'a yana aiko ni, duk Juma'a ina kawo maka gaisuwa a madadinta. Wannan laifina ne. Amma kai ma kana da ido, kana ganin mutane fari fat daga cikin motarka, gilashi a rufe."

Liman ya ce, "Alhaji, ba yau ba, ba nan ba." Wani dattijo ya ce wannan tozarci ne, a gidan makoki. Mahaucin ya ce da ma boko haka take sa mutum. Surukin ya ce, "Baffa, ni? Ni da ban taɓa bari madara ta yanke ba?"

Na ce, "Tana ciki, duk wadda ka kawo. Shiga ka ƙirga."

Ya tashi ya fita ba sallama. Mutane suka watse suna ƙunƙuni, kuma har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata a Koma. Da yamma 'yar Yaya ta zo tana kuka, ta ce na kunyata mijinta, na rushe mata gida. Mai yiwuwa ta yi gaskiya.

Jibin na je tashar da mota za ta tashi. Leburori sun hau da kayansu. Ɗan Yaya yana zaune a ƙasa, a kan dutse, butar mahaifinsa a tsakanin ƙafafunsa. Surukin ya aiko direba ya ce masa a hau, rana na yi. Ɗan ya ce wa direban, "Ba na karɓar saƙo. Ya zo da kansa." Surukin ya zo, bai kalle ni ba. Ɗan ya miƙe, ya dube shi ido cikin ido, ya ce, "Ina girmama ka, kuma ina son aikin nan, ka san halin da gida yake. Amma ba tanki, ba ni. In mun je can ya yanke, ranar zan kashe injin, kuma da bakina za ka ji."

Wani daga saman mota ya yi ihu, "Ga ƙaramin Yayyafi, a kawo lema!" Aka yi dariya. Ba wanda ya sauko ya tsaya tare da shi, sai mutum biyu, suka diro a hankali kamar masu jin kunya.

Mota ba ta tashi ranar ba, ba ta tashi washegari ba. Rana ta huɗu ta tashi, tana jan tsohon tankin ruwa mai tsatsa da aka samo a Blitta, da kwali ɗaya na abin rufe hanci da aka ce daga Lome ya zo. Ashe ana samu. Kwana uku kacal ya ɗauka. Wannan ne abin da har yanzu ba na iya haɗiyewa. Surukin bai ƙara yi mini magana ba, 'yar tana ɗakinta, tankin kuma ban san tsawon lokacin da zai yi yana zuwa ba. Katan ɗin madara ma an ɗora, don leburori sun ce ba za su tafi ba sai da ita.

Butar tana gaban mota, a cinyar ɗan.

Ya Allah, bawanKa ya zo maka da ƙirji cike da dutse, wani dutsen ya ɗebo da ƙuruciya, wani ya ɗauka don kada na bayansa su ɗauka. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi numfashin da ya rasa a nan, Ka shayar da shi daga ruwan da ba ya yankewa. Ka yafe wa wanda ya hana, Ka yafe wa wanda aka aika bai kai ba. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Yaya addu'a, in kuma magini ne, ya jiƙa dutsen kafin ya yanka.